Ofishin Hulɗa da Iyaye a Wata Firamare ta Bronx: Abin da Na Gani Cikin Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan ina kai yara wata makarantar firamare ta gwamnati a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu ɗakin da na fi shiga a ginin kamar wani ƙaramin ofis da ke hannun dama da zarar an wuce teburin mai gadi. Ofishin jami'ar hulɗa da iyaye ne. A kansa nake son yin magana, shi da hidimar tafinta da ke tafiya tare da shi, domin 'yan uwa da suka iso ƙasar nan daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi sukan tambaye ni ko akwai amfanin zuwa wurin, wasu kuwa har yaransu suka gama makarantar ba su san da zamansa ba. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai suka, kuma waɗanda maganar ta shafa suna nan suna aikinsu.

An ƙirƙiro wannan muƙami ne a shekarar 2003, zamanin magajin gari Michael Bloomberg da shugaban makarantun birnin na lokacin, Joel Klein. Manufar ita ce kowace makaranta ta samu ma'aikaci guda wanda ba ya shiga aji, aikinsa shi ne ya karɓi iyaye, ya ji kukansu, ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Iyaye ba sa biyan ko sisi, kuma ba a tambayar mutum takardar zama. Wannan batu na biyu yana da tushe a shari'a, domin tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a wata ƙara da ta taso daga jihar Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda iyayensa ba su da takardu. Shekara takwas kafin nan, wato a 1974, kotun ta yanke wani hukunci a kan yara 'yan asalin Sin kimanin 1,800 a San Francisco, waɗanda aka zaunar da su a aji ana koyar da su da Turancin da ba sa ji, inda ta ce ba yaro littafi da kujera iri ɗaya da na kowa bai zama adalci ba idan bai fahimci harshen da ake magana da shi ba. Na kawo waɗannan ne domin mutanenmu da yawa sun ɗauka tafinta alfarma ce ake yi musu, don haka suna jin nauyin nema. Haƙƙi ne, kuma a birnin nan akwai ƙa'ida rubutacciya mai lamba A-663 da ta wajabta wa makaranta ta gano harshen iyaye cikin kwana 30 da shigar yaro, ta kuma hana a sa yaron da bai kai shekara 18 ba ya yi tafinta a zaman da ake tattauna karatunsa ko halinsa.

Komai yana farawa ne daga wani kati mai launin shuɗi da ake cikewa a farkon kowace shekara, inda ake rubuta lambar wayar da za a kira idan wani abu ya taso, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, da harshen da iyaye suke so a yi musu magana da kuma wanda suke so a rubuto musu. A shekarar farko na rubuta Turanci a duka guraben biyu ba tare da na tsaya tunani ba, tunda ina ji ina rubutawa. Na manta cewa ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da makaranta takan kira, ni ina bayan sitiyari a wata unguwar, uwargida ce ke ɗaukar waya. Wata uku ana kiranta tana amsawa da kalmomi biyu ko uku da ta sani, malamai suna rubutawa a takardarsu cewa an sanar da uwa kuma ta amince. Jami'ar nan ce ta lura. Wata mata ce 'yar asalin Jamhuriyar Dominika, wadda ita ma ta shigo ƙasar tana ƙarama. Ta tare ni a bakin ƙofa wata rana, ta ɗauko katin, ta ɗora yatsa a gurbin harshe ta tambaye ni wane ne a gidanmu yake amsa waya da rana. Nan take na gane inda ta dosa, muka soke Turanci muka rubuta Hausa. Na san mutane da dama da suke rubuta Turanci ko Faransanci a wannan gurbi don gudun a raina su, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan layi ɗaya shi ne yake buɗe duk sauran hidimar.

Tafintar da ake samu galibi ta waya ce. Malama takan ajiye wayar a tsakiyar tebur, ta buga wata lamba, ta faɗi harshen da take nema, sai a haɗa ta da wani mutum da ba a ganinsa. Ga mai jin Sifaniyanci ko Larabci abin ba ya ɗaukar lokaci, amma mu mukan jira, kuma sau biyu aka ce mana babu mai Hausa a kan layi, a sake gwadawa. Wanda ya san yadda ranar ganawa da malamai take, inda iyaye suke jere a baranda kowa yana da 'yan mintoci, ya san cewa jiran minti biyar ya cinye rabin zaman. Bayan haka magana ta tafinta tana ninka lokaci, tunda kowace jimla sai an faɗe ta sau biyu, amma a makarantarmu lokacin da ake ware mana daidai yake da na wanda ba ya bukatar tafinta. Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma har yau ba a gyara shi ba, sai dai idan mutum ya nemi a ba shi wata rana ta daban.

Ingancin masu tafintar kuwa ya bambanta ƙwarai. Akwai wanda na saurara na ji daɗi, domin ya san lokacin da zai tsayar da malama ya nemi ta fayyace abin da take nufi kafin ya juya shi. Akwai kuma wanda rabin maganarsa Turanci ne da aka saka wa wutsiyar Hausa, wanda bai amfani kowa da komai ba. Amma matsalar da ta fi ba ni tsoro ta faru ne da tafinta mai Hausa tsantsa, kuma ina wurin aka yi.

Wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, maƙwabciyarmu, wadda ta iso da 'yarta mai shekara tara. A zaman farko malama ta tambaya ko yarinyar ta yi makaranta a gida. Tafintan, wanda daga jin bakinsa mutumin Najeriya ne, ya juya tambayar daidai yadda aka yi ta, uwar kuma ta amsa da gaskiyarta cewa ta yi shekara huɗu. Aka rubuta. Bayan wata biyu sai malama ta fara damuwa, domin yarinyar da aka ce ta yi shekara huɗu a makaranta ba ta bambance haruffan boko, tana kuma fara rubutu daga hannun dama. Aka soma maganar a gwada ta ko tana da matsalar fahimta. Uwar ta zo gidanmu da takardar a hannu, hankalinta a tashe, ta ce da ni, "Malam, wai cewa suke ƙwaƙwalwarta ba daidai take ba." Na ce, "Hajiya, wace makarantar kika ce musu ta yi?" Ta ce ta malam mana, ai ba ta taɓa shiga lakwal ba. A bakinta makaranta ta allo ce, ta boko kuwa lakwal ce, malaminta kuma mushe. Kalma ɗaya ce ta raba su da tafintan, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Abin da jami'ar ta yi da wannan labari shi ne ya sa nake ba ofishin nata maki mai yawa. Ba ta tsaya a gyara takarda ba. Ta nemi a zo da yarinyar, ta ba ta farar takarda da alƙalami ta ce ta rubuta abin da ta iya. Yarinyar ta cika rabin shafi da rubutun Larabci mai tsabta, ta kuma karanta shi da ka ba tare da ta kalli takardar ba. Jami'ar ta ɗauki shafin ta kai wa malamar, ta ce wannan yarinya ta san cewa alama tana ɗauke da sauti, ta san zama wuri ɗaya ta maimaita abu har ya zauna, abin da ya rage a nuna mata sabbin haruffa da sabon harshe. Aka ajiye maganar gwajin, aka ƙara mata lokaci a ajin koyon Turanci, kuma kafin shekara ta zagayo tana karanta ƙananan littattafai. Daga baya na samu labarin cewa wannan tunani yana da asali a wurin masana ilimi a nan. Wani malamin jami'a mai suna Luis Moll da abokan aikinsa sun yi aiki da iyalai 'yan asalin Meziko a birnin Tucson na jihar Arizona wajen farkon shekarun 1990, inda malaman makaranta suka riƙa shiga gidaje don su koyi abin da iyalan suka sani na sana'a da noma da kasuwanci, su gina darasi a kansa. Ita dai jami'armu ba ta ambaci kowa ba, ta ce haka aka yi wa mahaifiyarta kallon marar sani a lokacin da suka zo, alhali tela ce da ta iya lissafin yadi fiye da kowa.

Babban abin da ke tsakaninmu da makarantun nan, a ganina, shi ne ma'anar shiru. Mu mun taso a inda uba yakan kai yaro wurin malam ya ce ga amana, ya juya ya tafi, kuma komawa kullum ana tambayar malam abin da ya koyar da yadda ya koyar rashin ladabi ne, kamar ana tuhumarsa. Uban da bai taɓa zuwa ya ɗaga wa malami murya ba shi ne mutumin kirki. A nan kuwa uban da ba a ganinsa, ba ya tambaya, ba ya ƙorafi, ana ɗaukarsa wanda bai damu da karatun ɗansa ba. Saboda haka ladabinmu ne yake zama laifinmu a idonsu, mu kuma idan malama ta aiko da tambaya a kan abin da muke so a koya wa yaro, sai mu ce to ita da aka ba aikin me take nema a wurinmu. Na ga an shekara ana wannan saɓani, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ya yi sakaci. Jami'ar ta fahimci haka ne bayan wani zama da ta yi da iyaye biyar ko shida 'yan Afirka ta Yamma, inda wani dattijo Bafulatani ɗan Gini ya yi mata bayanin amana da misalin mai ajiya da mai kaya. Tun daga nan ta sauya yadda take gayyata. Ta daina aiko da takarda mai cewa ana maraba da iyaye, domin ta gane mu ba ma zuwa inda ba a kira sunanmu ba. Takan kira mutum ta ce malama tana neman shawararsa a kan abu kaza, ranar kaza, kuma da wuya ka ga wanda aka nemi shawararsa ya ƙi zuwa.

Akwai ƙananan abubuwa da suke biyo bayan wannan. Babban ɗanmu sunan mahaifina gare shi, don haka a gida Abba ake kiransa, kuma kasancewarsa ɗan fari mahaifiyarsa ba ta kama sunansa, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane. A wata ganawa malamarsa ta aji biyu ta yi ta zuba yabo, ta nuna zanensa da makinsa, uwargida kuwa ta sunkuyar da kai ta ce to, madalla, ta sauya magana zuwa ƙanwarsa. Malamar ta bi ni da kallo mai ɗauke da tambaya. Da ba don akwai wadda zan je in yi wa bayanin alkunya ba, ita kuma ta isar ga malamar cikin harshen da za ta gane, da an rubuta a zuci cewa wannan uwa ba ta son ɗanta. Haka nan batun kallon ido. Yaron da muka hora ya sunkuyar da kai idan babba yana yi masa faɗa, a aji ana ce masa ya ɗago ya kalli malama, rashin yin haka kuma alama ce ta rashin gaskiya ko taurin kai. A nan ban ga makarantar ta yi abin a zo a gani ba. Malaman da suka daɗe sun gane, amma duk sabuwar malama sai an sake farawa daga tushe, domin babu wani tsari da yake isar da abin da aka koya ga wanda ya zo daga baya.

Takardun cikewa ma ba su san irin gidajenmu ba. Gurbi biyu ne, na uwa da na uba ko mai kula da yaro bisa doka, alhali a wurinmu yaro yana iya zama a hannun goggonsa ko kawunsa riƙo, kuma wanda yake da ta cewa a kan tarbiyyarsa wani lokaci kaka ce. Sunan ƙarshe na uwa ya bambanta da na yaro tunda matanmu ba sa sauya sunan mahaifinsu, wannan kuma yakan sa ma'aikaciyar rajista ta tsaya tana tambayoyi. A wannan fanni ofishin yana da amfani sosai, domin jami'ar ta san takardar da mai riƙo zai kawo, kuma takan ba da shawara a cika katin shuɗi da sunan duk wanda zai iya zuwa ɗaukar yaro, tunda wanda babu sunansa ko kakan yaron ne ba za a ba shi ba.

Inda hidimar ta fi rauni shi ne rubutu. A shekarun da yarana suka fara, manyan takardun hukumar ilimi ta birnin suna fitowa ne da harsuna tara ban da Turanci, wato Larabci da Bangalanci da Sinanci da Faransanci da Kiriyol na Haiti da Koriyanci da Rashanci da Sifaniyanci da Urdu. Hausa ba ta ciki, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka dubi yawanmu. Abin da ya dame ni shi ne yadda makarantarmu take ɗaukar duk wanda ya fito daga Nijar ko Mali ko Gini a matsayin mai karanta Faransanci, sai a cika jakar yaro da takardun Faransanci a kai wa uwar da ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Ga kuma wata manhajar waya da malamai suke aiko da saƙo ta cikinta, wadda take fassara da kanta. Gajeren saƙo kamar na tashi da wuri takan yi ƙoƙari. Amma ranar da za a kai yara gidan adana kayan tarihi, saƙon da ya iso mana cewa ya yi yara za su yi tafiya zuwa fili, uwargida ta kira ni tana tambayar wane fili kuma, da wannan sanyin. Wani saƙon da yake nufin a yaba wa yarinya ya zo da ita a matsayin namiji daga farko har ƙarshe, har muka ɗauka na yayanta ne. Maganin da ya yi aiki bai fito daga wani kamfani ba. Jami'ar ta nemi iyaye uku masu jin Turanci, ɗaya Bahaushe, ɗaya Bafulatani, ɗaya mai jin Soninke, duk ranar Juma'a ta turo mana muhimman sanarwar mako, mu kuma mu karanta su da murya mu saka a zauren WhatsApp. Saƙon murya na minti biyu ya kai inda takarda ba ta taɓa kaiwa ba. Sai dai aikin sa kai ne, kuma ranar da na yi dare a kan hanya babu wanda yake yi.

Batun addini da abinci ba zan daɗe a kansa ba, domin a nan birnin ya yi nisa. Tun 2015, zamanin magajin gari Bill de Blasio, aka saka ƙaramar Sallah da babbar Sallah cikin ranakun hutun makarantu, kuma tun watan Satumba na 2017 abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi. A 2022 da 2023, da azumi ya faɗo cikin Afrilu, lokacin jarrabawar jiha da 'yan aji uku zuwa sama suke yi, makarantarmu ta buɗe ɗakin karatu ga yara masu azumi don kada su zauna suna kallon masu ci, kuma jami'ar ce ta kawo shawarar bayan wata uwa ta yi mata magana.

Akwai wani abu da nake ganin an yi sakaci da shi, kuma yana da nauyi. A dokar jihar New York malami wajibi ne a kansa ya kai rahoto ga hukumar kula da yara idan ya yi zargin ana cutar da yaro, ba shi da zaɓi a kai. Iyayen da suka taso inda bulala take cikin kayan tarbiyya ba su san iyakar da doka ta shata ba, sai dai labaran tsoro da ake yaɗawa a masallaci da shagon kitso cewa makaranta tana ƙwace yara. Wannan tsoro yana hana mutane faɗin gaskiyar halin da suke ciki, har ma da abin da makaranta za ta iya taimakawa a kai, kamar rashin matsuguni. A shekara bakwai ban ga an tara iyaye an yi musu bayanin wannan doka dalla-dalla da harshensu ba, sai bayan abu ya faru ake jin ta. An yi mana zama a kan yadda ake karanta sakamakon jarrabawa har sau uku, amma abin da yake hana iyaye barci ba a taɓa shi ba.

Haka kuma ina da ja a kan abin da ake kira ranar al'adu. Sau ɗaya a shekara akan ce kowa ya zo da abincin ƙasarsa da tufafinsa, mu kan kai masa da miyar taushe da dambun nama, a ɗauki hotuna a manna a bango. Ba na ƙin wannan, yara suna jin daɗinsa, kuma a nan ne na fara gaisawa da iyaye 'yan Yaman da 'yan Honduras da muke haɗuwa kullum a bakin ƙofa. Amma wurin da ake yanke shawara daban ne. Kowace makaranta tana da kwamitin jagoranci wanda ƙa'ida ta ce yawan iyaye a cikinsa ya zama daidai da na ma'aikata, kuma shi yake duba tsarin karatun shekara da yadda ya dace da kasafin kuɗi. Makarantu irin tamu, masu yawan yaran talakawa, suna samun kuɗin tarayya wanda doka ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 nasa domin hulɗa da iyaye. A makarantarmu wannan kwamiti yana zama ne jim kaɗan bayan tashi, lokacin da direban tasi da mai kula da tsofaffi a gida da mai kitso duk suna bakin aiki, kuma da Turanci da Sifaniyanci ake yinsa. Na zauna a cikinsa shekara guda, na ga yadda ake amincewa da kashe kuɗin iyaye a kan takardu masu launi da kofi, babu wanda ya kawo maganar biyan masu fassara da murya ko ƙara lokacin ganawa. Da na kawo, an saurare ni da ladabi, aka ce za a duba. A birnin Sacramento na jihar Kalifoniya, tun 1998 iyaye da malamai suka fara wani tsari na ziyarar gida, inda malamai biyu suke zuwa gidan yaro da yardar iyayensa, ba don wani laifi ba, sai don su ji burin da iyaye suke da shi a kansa. Na ba da wannan shawara ma, domin a al'adarmu wanda ya tako ƙafa ya zo gidanka ya gama maka komai, amma ba ta samu shiga ba.

Ba zan ɗora duka laifin a kan makaranta ba. Mu ma muna da namu. Akwai wanda zai ɗauki hutun kwana uku saboda suna ko ɗaurin aure amma ba zai ba ganawa da malama rabin awa ba. Akwai mazan da suke barin komai a hannun matan da ba su ba damar koyon Turanci ba, sannan su zo suna faɗa idan sakamako ya lalace. Mafi muni shi ne masu zuwa da babban yaro ya yi musu tafinta a kan laifin ƙaninsa, ko ma a kan nasa, duk da ƙa'ida ta hana, kuma wasu malaman sukan kau da kai saboda ya fi sauri. Na taɓa jin yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya juya wa mahaifinsa doguwar maganar malama a kan rashin yin aikin gida da cewa ta ce yana ƙoƙari.

Gaskiyar ƙarfin hidimar ta bayyana ne a shekarar da jami'ar ta tafi hutun jinya na wata huɗu, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Saƙon Juma'a ya tsaya, gayyata ta koma takarda a cikin jaka, kuma lokacin ya zo daidai da neman gurbin makarantar gaba ga 'yan aji biyar, wanda ake yi ta intanet kafin ƙarshen shekara. Iyalai biyu da na sani ba su ji labarin wa'adin ba sai da ya wuce, yaransu suka tafi inda aka tura su ba inda suka zaɓa ba. A lokacin na gane cewa yawancin abin da nake yabawa a jikin mutum ɗaya yake, ba a cikin tsarin makarantar ba, kuma duk wanda yake wata makarantar yana iya tarar da ofis mai irin wannan suna amma ba mai irin wannan aiki ba.

Duk da haka, ga wanda ya tambaye ni, amsata ita ce ya je tun makon farko, kafin wata matsala ta taso. Ya rubuta Hausa a katin shuɗi idan mai ɗaukar waya a gida Hausa take ji, ya karɓi lambar jami'ar ya ajiye, ya sanar kwana biyu ko uku kafin ganawa cewa yana bukatar tafinta da ƙarin lokaci. Idan aka haɗa shi da tafinta, ya fara gaya masa daga inda ya fito, domin Hausar Kumasi da ta Zinder da ta Zariya ba kalmomi ɗaya suka aro ba, kuma idan ya ji bai gamsu ba yana da damar cewa a sauya. Jami'armu ta dawo aiki tun bara, ƙaramar 'yarmu tana aji biyu, kuma a zaman kwamiti na watan jiya an amince a gwada mayar da taro ɗaya cikin uku zuwa safiyar Asabar. Wannan lokaci kuwa shi ne na makarantar allo a masallacinmu, saboda haka yanzu ni ne zan je wurin liman in nemi a ɗaga karatun zuwa bayan azahar a ranakun.